Yadda Na Bi Sawun Kwaramniyar Salansa Bayan Na Ɗaura Ta A Gida

Duk wanda ya sayi salansar da ba ta kamfanin motarsa ba, ya ce da hannunsa zai ɗaura ta a gida, ya kwana da sanin cewa aikin kashi biyu ne. Ɗaurawar ita ce mai sauƙi, yini guda ya isa idan notocin tsohuwar ba su yi gardama ba. Kashi na biyu, wanda takardar da ke cikin kwali ba ta cewa uffan a kansa, shi ne farautar ƙarar da za ta biyo baya. Ni dai na sha fama da ita, kuma abin da ya fi ɓata mini lokaci shi ne ɗaukar da na yi cewa ƙara ɗaya nake nema, alhali suna da yawa, kowacce da lokacin fitowarta da dalilinta. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, ko wani zai huta da zagayen da na yi.

Motar tawa ƙarama ce mai silinda huɗu, otomatik, injinta a gicciye yake, tayoyin gaba ke ja, na baya kuma ƙarfe guda ne ya haɗa su daga wannan gefe zuwa wancan. Salansar da na saya tana farawa ne daga bayan katalis, wato tukunyar da ke tace gubar hayaƙin inji, har zuwa wutsiya, gida uku ce: bututun tsakiya mai ƙaramar tukunya, gwiwar da ke haurawa ta saman ƙarfen tayoyin baya, sai babbar tukunya da bakinta. Ƙarfenta sitenles ne, irin wanda ba ya saurin tsatsa, mai lamba 304, faɗin bututun inci 2.5, wato wajen milimita 63, ta asali kuwa ba ta kai haka kauri ba. Wannan ɗan bambancin kaurin shi ne uwar matsalar gaba ɗaya, domin hanyar da kamfani ya bar wa bututu a ƙarƙashin mota daidai jikin nasa bututun ya auna ta. A cikin kwalin akwai kilam, wato maɗaurin mahaɗar bututu, guda biyu masu faɗi irin na ɗamara, gasket, notoci, da takarda shafi ɗaya mai zane. Babu robobin rataya, don haka da tsofaffin na yi amfani. Na ɗaga motar da jak, na tokare ta da ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin sasi, tayoyin baya suna reto. A nan zan tsaya in ce wani abu sau ɗaya: jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, kada kowa ya cusa kansa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita, musamman a aikin salansa da ake jijjiga da fizga. Na fesa wa tsofaffin notoci man kwance tsatsa tun da dare, na zare robobin da ruwan sabulu, na ɗora sabuwa, na ɗaure komai tamau, na sauke mota.

Tashin farko ya faranta mini rai. Muryar ta yi kauri, babu hayaniyar banza, na tsaya a baya ina murmushi ni kaɗai. Murnar ba ta je ko'ina ba, don ina sa giya, ƙafata a kan birki, sai ga wata siririyar ƙara daga ƙarƙashin kujerar baya, zirrr, irin ta kwano. Idan na mayar da giya fakin sai ta ɗauke, idan na taka totur kaɗan ma sai ta ɓace. Gabana ya faɗi, domin tunanin da ya fara zuwa mini shi ne wani abu ya ɓalle a cikin sabuwar tukunyar, ga shi na riga na shafa mata baƙin hayaƙi, wa zai karɓe ta? Na bari ta huce, na sake ɗagawa, na ɗauki gudumar roba ina bubbuga salansar a hankali daga gaba zuwa baya ina saurare. Tukunya shiru, bututu shiru. Sai da gudumar ta goga wani farantin alminiyam da ke manne a jikin mota, sama da tukunyar, sannan na ji muryar da nake nema. Wannan farantin shi ke tare zafin salansa daga ƙasan mota da tankin mai. Da na haska tocila sai na ga ramukan da notoci ke riƙe shi sun cinye sun yi faɗi, biyu daga ciki ma notin yana nan daram amma farantin ya zame ta kewayensa. Haka alminiyam yake yi idan ya daɗe manne da ƙarfe ga danshi, shi ne ke ruɓewa, ƙarfen ya tsira. Tsohuwar salansa ba ta girgiza shi yadda zai yi magana, sabuwar kuwa da kaurin muryarta ta tashe shi. Maganin bai fi ƙarfin kowa ba: wosha mai faɗi a ƙarƙashin kowane noti don ta danne wurin da ya cinye, sannan na ɗan tura gefen farantin sama da hannu inda ya kusanci tukunya. Wani maƙwabcina da ya leƙo ya ce in ɓalle shi kawai in yar, ai ba ya aikin komai. Ban bi tasa ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya bi. Tanki na roba ne a yawancin motocin yanzu, ga bututun mai da na birki suna bi ta wurin.

Na ɗauka an gama. Ina tuƙi ni kaɗai komai lafiya, har sai ranar da na ɗauki mutane a baya muka hau wani tudun rage gudu, sai ji na yi gwaf, mai nauyi, har a ƙafata. Muka faɗa wani ɗan rami, gwaf kuma. Wannan ba ƙarar kwano ba ce, ƙarfe ne ke dukan ƙarfe. Na koma gida na ɗaga mota na duba, ga sarari wadatacce tsakanin gwiwar bututu da ƙarfen tayoyin baya, tafin hannuna ma yana shiga. Na jijjiga salansar hagu da dama, ba ta taɓa komai. A nan kaina ya ɗaure, na fara zargin ko an aiko mini da ta wata motar ce. Na nemo rasit, na duba lambar da ke jikin kwali da wadda aka buga a jikin tukunya, na rubuta wa masu sayarwa saƙo. Amsar ba ta zo da wuri ba, kuma da ta zo tambayoyi ne: lambar sasi, shekarar ƙira, girman inji, hoton rasit, hoton kowace mahaɗa da kowace roba. Wanda zai bi wannan hanya ya adana kwalin da takardar har sai komai ya daidaita, kuma ya ɗauki hotuna tun kafin ya kwance tsohuwar, don su ne shaidarsa. Na tura duk abin da suka nema, na sake zaman jira, ina tuƙi a ɗarare ina kauce wa kowane rami. Daga ƙarshe suka ce kayan daidai suke da motar, garanti kuma ya shafi tsagewar walda da ɓallewar cikin tukunya ne kawai, bai shafi ƙarar da ta samo asali daga ɗauri ba. Raina ya sosu a lokacin, amma a ƙasan saƙon akwai tambaya guda da ta fi duk sauran amfani: a kan tayoyinta motar take lokacin da na auna sararin, ko a rataye?

Wannan tambayar ce ta kai ni garejin da ke da rami, inda mota ke tsayawa da ƙafafunta mutum ya shiga ƙarƙashi. Na tarar da layi, na jira har aka fitar da motocin da ke gabana. Bakaniken dattijo ne, ba ya son dogon bayani. Na fara zayyana masa tarihi, ya ɗaga hannu ya ce, "Shigo da ita tukuna, ɗana." Muka sauka ramin tare, ya haska, sai ga abin da ban taɓa gani ba a gida: sararin nan da tafin hannuna ke shiga ya koma bai fi yatsa ɗaya ba. Idan an tokare mota ta sasi, ƙarfen tayoyin baya yana sauka ƙasa ya yi nesa da bututu, ana sauke ta sai ya koma sama. Ya kira yaransa biyu suka zauna a bakin but, yatsan ma ya daina shiga. Ya nuna mini wani ɗan tabo mai sheƙi a saman ƙarfen, inda fenti ya goge, da ɗan'uwansa a cikin gwiwar bututun. Ya ce, "Ƙarfe ba ya dukan ƙarfe ya ɓoye. Ka daina neman ƙara da kunne kaɗai, nemi inda ya yi haske." Na ce, "To Baba, sai an yanka ke nan?" Ya ce babu abin da za a yanka. Ya sa aka sassauta komai, tun daga notocin bayan katalis har kilam na ƙarshe, salansar ta koma tana lilo a kan robobinta. Sannan ya murza gwiwar a cikin mahaɗarta, ɗan kaɗan, sai ga ta ta hau sama ta zauna a tsakiyar hanyarta. Ya cusa guntun katako tsakaninta da ƙarfen don kada ta sauko, ya sa yaro ya riƙe bakin wutsiya a tsakiyar yankan bamba, shi kuma ya bi ɗauri daga gaba zuwa baya, kowane noti rabi-rabi, sai a zagaye na biyu ya ƙarasa. Dalilinsa shi ne idan ka ɗaure gida ɗaya tamau kafin ka rataya na gaba, to ka riga ka yanke wa na gaban hukuncin inda zai zauna, kuskuren milimita biyu a gaba yana zama santimita a wutsiya. Ya kuma juya kilam ɗaya da jelar notinsa ke kallon sama dab da wani ƙarfen gicciye, ya mayar da ita gefe. Abin da ya cece ni a nan shi ne irin kilam ɗin. Mai faɗin nan yana matse bututu ne ba tare da ya lotsa shi ba, shi ya sa gwiwar ta yarda ta juya. Da irin mai siffar ƙafar doki ne, wanda ke cizon bututu ya bar masa zobe, da sai an sa wuta kafin a raba su. Ƙa'idar da ya ba ni ita ce a bar aƙalla kaurin babban yatsa tsakanin salansa da kowane abu, kusa da tanki da ƙarfen tayoyi kuwa a nemi yatsu biyu. Abin da na biya shi kuɗin aiki ne kawai, ba a sayi komai ba.

Gwaf ɗin ya tafi, bai sake dawowa ba. Amma ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin ƙara ta uku ita ce ta fi wahalar da ni, kuma ita ce na fi so mai karatu ya fahimta. Da safe babu ita. A gajeriyar tafiya babu ita. Sai na yi doguwar tafiya a babbar hanya, na tsaya a danja, sannan za ta fara, ƙas-ƙas-ƙas, daga can baya ta ɓangaren dama, tana bin bugun inji. In na isa gida na bar mota ta huce don in iya taɓawa, sai in tarar babu abin da ke taɓa wani. Na koma garejin, muka shiga rami, dattijon ya jijjiga, shiru. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai ƙorafin da babu shi. Sai da na roƙe shi ya bar ramin a buɗe, na fita na zaga da motar har ta yi zafi sosai, na dawo na hau kai tsaye ban kashe ba. Nan take ya ji ta. Ƙarfen rataya na babbar tukunya ne ke sumbatar ƙugiyar jan mota da ke ƙarƙashin bamba, wurin da a sanyi akwai sarari fiye da santimita guda.

Abin da ke faruwa shi ne salansa tana ƙara tsawo idan ta yi zafi, kuma tun da gabanta a ɗaure yake da inji, duk ƙarin baya yake tafiya. Sitenles mai lamba 304 yana ƙara kusan milimita 1.7 a kowace mita idan zafinsa ya hau da digiri 100 na Salsiyas. Baƙin ƙarfe na yau da kullum wajen 1.2 yake yi, haka ma sitenles mai lamba 409 da kamfanonin mota suka fi amfani da shi bai kai 304 miƙewa ba. Ka ɗauki bututu mai tsawon mita 3 da zafinsa ya ƙaru da digiri 300, lissafi zai ba ka kusan milimita 15, santimita ɗaya da rabi ke nan. Wato sabuwar salansata ta fi tsohuwar kauri, ta kuma fi ta tafiya. Da na fahimci haka sai na sake kallon robobin da wani ido. A sanyi suna tsaye cak a miƙe, wanda a ido shi ne daidai, amma da zafi sai su karkata baya. Yadda ya kamata shi ne a sanyi su ɗan karkata gaba, ta yadda idan bututu ya miƙe za su dawo tsaye, tukunya kuma ta tsaya kafin ta isa ƙugiya. Muka jira ta huce, wanda shi ma zama ne mai tsawo don sitenles ba ya sakin zafi da wuri, muka sassauta kilam na baya, muka ƙara tura tukunyar cikin mahaɗarta wajen santimita ɗaya. Bakin wutsiya ya ɗan shige ciki fiye da yadda nake so a ido, amma da zafi yana fitowa daidai, kuma ya daina kusantar robar bamba, wadda na lura gefenta ya fara narkewa.

A ramin nan ne muka ga cewa tsofaffin robobin sun gaji. Ɗaya ta tsattsage, wata ta saki har ramukanta sun zama dogaye, ga sabuwar tukunya da nauyinta ba ɗaya ba da na tsohuwar. Na karanta cewa akwai wasu masu tauri na foliyuritan da ba sa saki, na yi oda, na jira isowarsu, na sa. Salansa kam ta tsaya ƙyam ba ta motsi. Sai dai duk rawar da roba ke shanyewa ta dawo cikin mota, madubin tsakiya yana karkarwa a sulo, kujera tana tsuma, wasu robobin dashbod da ban taɓa jin muryarsu ba suka fara tsegumi. An gudu ba a tsira ba. Na cire su na sayi sababbin robobi irin na asali, na bar mai taurin guda ɗaya tak a can wutsiya, inda ake bukatar hana tukunya kaɗawa gefe. A ganina robar asali sabuwa ta fi komai, kuma da zan sake wannan aiki tare da salansar zan saye su. Wajen sa su ruwan sabulu ya wadatar, kada a shafa musu giris ko baƙin mai, suna cin roba.

Saura wata ƙara guda da nake ji jefi-jefi, ƙwal sau ɗaya, idan na sa ribas ko na fizgi mota daga tsaye. Wannan daga gaba take, kusa da ƙafar direba. Dattijon ya sa na zauna a ciki, na ja hambirki, na danne birki da ƙarfi, ya buɗe bonet ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, ya ce in sa giyar gaba in taɓa totur kaɗan, in koma ribas in yi haka. Ya kira ni in gani da idona yayin da yaronsa ya karɓi sitiyari: injin yana tuntsurawa gaba da baya fiye da kima. Injin da ke gicciye haka yake yi dama, shi ya sa ake sa masa wani guntun bututu mai saƙar waya a gaban salansa don ya shanye motsin, amma sit ɗin inji na ƙasa, wanda ke hana shi wuce gona da iri, robarsa ta yage. Tsohon siririn bututu yana da wurin da zai yi wannan rawar bai taɓa komai ba, mai kaurin kuwa sai ya daki gefen hanyarsa. Wannan ne gyara mafi tsada a cikin tafiyar duka, kuma ba laifin salansa ba ne, ita dai ta tona abin da ke ɓoye ne. Na so in ɗaga shi zuwa wani lokaci, sai ya nuna mini cewa idan aka bar shi bututun saƙar ne zai tsage, daga nan kuma hayaƙi a ƙarƙashin ƙafata.

Bayan an canja sit ɗin, zaman injin ya ɗan sauya, sai ƙaramar tukunyar tsakiya ta karkata gefe guda, juyawa kuma ta ƙi gyara ta. Ƙarfen ratayarta ne kusurwarsa ba ta yi daidai da na jikin motar ba, yana jan roba a karkace. Nan aka tura ni wurin mai walda. Shi ma na jira shi, don yana kan wani aiki. Ya duba ya ce lanƙwasa ƙarfen kawai za a yi, amma ba zai kunna wutar gas a ƙarƙashin mota kusa da tanki ba, sai an sauke gidan tsakiyar. Na ji haushin sake kwance abin da aka sha wuya aka daidaita, amma gaskiyarsa ce. Kafin a kwance na sa alli na ja layi a kan kowace mahaɗa, ya ratsa bututun biyu, da wani layin da ke nuna zurfin shigar kowanne, don haka mayarwar ba ta ɗauki lokaci ba. Ya gasa ƙarfen ya yi ja, ya lanƙwasa shi kaɗan, ya gwada, ya ƙara. Ya tambaye ni ko ya bi mahaɗun duka da walda a huta. Na ce a'a, domin ranar da za a sauke wani abu a ƙarƙashin motar sai an yanka, kuma garantin ma ya tafi. Wanda ya zaɓi waldar lantarki a jikin mota, ya tabbata an cire kan batir tukuna saboda kwamfutar mota.

A wurin mai waldar ne wani da ke jiran nasa aikin ya saurari motata ya yanke hukunci cewa duk wannan wahala ta katalis ce, a fasa ta a zubar da cikinta, mota ma za ta ƙara gudu. Katalis tana iya yin ƙara, gaskiya ne. Cikinta wani farin dutse ne mai ƙananan ramuka, idan ya farfashe za ka ji shi kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, musamman a tashin safe ko idan ka buga ta da gudumar roba. Tawa na riga na buga ta, shiru take. Kuma fasa ta ba gyara ba ne: sensar da ke bayanta za ta gane, fitilar inji ta kama, na'urar gwaji ta nuna lambar P0420, hayaƙi ya yi wari, a ƙasashe da yawa ma laifi ne a doka kuma mota ba za ta ci gwajin hayaƙi ba. Abin lura a nan shi ne yawan dukan tsohuwar salansa da guduma wajen cire ta yana iya fasa cikin katalis mai shekaru, don haka a bi ta da lallami.

Bayan wannan kwance-kwancen sai na bi mahaɗun ina neman yoyo, don ƙaramin yoyo ma yana da tasa muryar, tsit-tsit-tsit da safe, wadda ke raguwa idan ƙarfe ya yi zafi ya toshe kafar. Alamarsa baƙin toka ne a bakin mahaɗa. Na fesa ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa mota tana sanyi, na sa aka tayar, aka ɗan toshe bakin wutsiya da tsumma na 'yan daƙiƙu, sai ga kumfa a mahaɗar farko. Gasket ɗin ya sha ɗauri da kwancewa har ya mutu, na sa sabo. A fili ake wannan gwaji, ba a cikin rufaffen gareji ba, domin iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙi ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum bai ankara ba. Na kuma sake bin notoci da sifana bayan motar ta yi zafi ta huce na wasu kwanaki, na tarar kilam duka biyun sun ɗan saki, abin da aka saba gani ne a sabon ɗauri.

Abin da ya rage har yau ba kwaramniya ba ce, ko da yake na daɗe ina ɗaukarsa haka. Wani gunji ne mai cika kunne da ke zuwa idan allurar juyin inji ta zauna wajen juyi 2,400 a minti a babbar hanya, ya tafi idan na haura ko na sauka. Injin silinda huɗu yana buga wuta sau biyu a kowane juyi, a 2,400 ke nan bugu 80 a daƙiƙa, kuma a daidai nan bututun da ɗakin motar suke amsa wa juna. Babu notin da za ka ɗaure ya kashe wannan, halin salansar ne. Masu walda suna maganinsa da wani rufaffen bututu da ake liƙawa a gefe, a yanka shi daidai rubu'in tsawon zangon sautin, wato tazarar da ke tsakanin bugun sauti ɗaya da na gaba a cikin iska, amma na irin wannan gunji mai kauri zai haura mita ɗaya, ƙarƙashin motata kuwa babu wurinsa. Abin da gunjin ya yi shi ne tayar da duk wani abu mai sako-sako a bayan mota: lambar mota da noti biyu kawai ke riƙe da ita, jak da sifanar taya a ramin safaya, da murfin ramin kansa. Na sa soso mai gam a bayan lambar, na naɗe jak da tsumma, na ɗaure safaya sosai, rabin abin da nake kira ƙarar salansa ya tafi a nan.

Da wani zai tambaye ni ta inda zai fara, zan ce kafin ya taɓa sifana ya ɗauki takarda ya rubuta lokacin da kowace ƙara ke zuwa: a sanyi ko da zafi, a tsaye ko a tafe, a kan gargada, da kaya ko babu, wajen sa giya, ko a wani juyin inji na musamman. Siririya a sulo, a fara da farantan zafi. Mai nauyi a kan rami, a duba saman ƙarfen tayoyin baya, mota tana kan ƙafafunta da mutane a ciki. Wadda sai an yi nisa take zuwa, a duba ta da zafinta, da ido da tocila ba da hannu ba, a ga inda tukunya ta miƙe ta isa. Guda ɗaya wajen ribas ko tashi, sit ɗin inji. Ya kwashe kayan but kafin komai, ya gyara abu ɗaya ya gwada kafin ya taɓa na biyu, in ba haka ba ba zai san wanne ya yi aiki ba. Inda ido bai ga tabo ba, a goga alli a wurin da ake zargi a zaga a dawo, inda allin ya goge nan ne. Ta fuskar kuɗi kuwa, in ka cire sit ɗin inji da dama can ya mutu, abin da na kashe a kan wosha, gasket, robobi da ladan masu aiki bai kai ko kusa da kuɗin salansar ba, robobin foliyuritan da na cire ne kaɗai suka tafi a banza. Tsohuwar salansar tana nan a jingine a bayan gida, ban sayar ba tukuna, don ban gama yanke shawara a kan gunjin nan na babbar hanya ba.